Kundin makin jimnastik na mata: ya iya auna wuya, armashi kuwa sai a hankali

Kundin da hukumar jimnastik ta duniya, FIG, ke fitarwa da sunan Code of Points kyauta ne. Ana sauke shi daga shafin hukumar a intanet, kuma ana sake masa zubi bayan kowace gasar Olamfik, shi ya sa na yanzu yake ɗauke da shekarun 2025 zuwa 2028. Na maza daban, na mata daban. Wannan sharhin a kan na mata ne, wanda ya ƙunshi kayan wasa huɗu: teburin tsallake, sanduna biyu doguwa da gajera, siririn katako, da dandamalin da ake wasa a kai da kiɗa. An duba shi ne da idon kocin da zai tsara wa yarinya jerin motsinta da shi, da kuma alƙalin da zai zauna da biro a gefen fili.

A dunƙule, abin da ke cikin kundin iri uku ne. Farko akwai dokokin mutane, wato abin da aka yarda 'yar wasa ta yi, inda koci zai tsaya, da aikin kowane alƙali. Sai yadda ake lissafin maki da jadawalin ragi, gaba ɗaya da kuma na kowane kayan wasa. Mafi kauri shi ne na ƙarshe, jadawalin motsi, inda kowane motsi yake da lambarsa, da zanen 'yar wasa tana yin sa daki-daki, da darajarsa, da wata 'yar alama irin ta rubutun gaggawa. Da waɗannan alamomin alƙalai suke rubuta wasa yana gudana, ido a kan yarinya, hannu yana tafiya a takarda. Kocin da bai koye su ba zai riƙa karanta kundin rabi da rabi, kuma ba zai iya fahimtar takardar alƙali ba ko an miƙa masa ita.

Tsohon tsari ya tsaya a maki 10. Shi ne wanda Nadia Comaneci ta Romaniya ta cika a gasar Olamfik ta Montreal a 1976 tana da shekara 14, allon maki ya nuna 1.00 saboda ba a ƙera shi da wurin lamba huɗu ba. Abin da ya kashe tsarin shi ne rikicin gasar Olamfik ta Atens a 2004, a ɓangaren maza: an ba Yang Tae-young na Koriya ta Kudu darajar farawa ta 9.9 maimakon 10.0, Paul Hamm na Amurka ya tafi da zinare, sannan 'yan kallo suka tsayar da gasa da ihu a kan makin Alexei Nemov na Rasha har sai da aka sauya shi. Daga 2006 aka raba maki biyu. Makin D na wuyar abin da aka yi ne, ba shi da rufi. Makin E na tsaftar yadda aka yi shi ne, yana farawa daga 10 ana zaftarewa. A haɗa su, a cire tarar fita layi ko wuce lokaci, shi ne makin ƙarshe.

Ɓangaren D shi ne inda kundin ya fi ƙwarewa, kuma a nan babu abin kushewa sosai. A sanduna, katako da dandamali, motsi takwas mafi daraja ake ƙirgawa, har da saukar ƙarshe. Darajar kowane motsi tana tafiya da haruffa, waɗanda daban suke da makin D da makin E: A 0.1, B 0.2, haka har J mai 1.0. Motsi ɗaya sau ɗaya ake biyan sa, ko an maimaita shi. A katako da dandamali, cikin takwas ɗin dole a sami uku na rawa, wato tsalle-tsalle da juyi, da uku na alkafura, sauran biyun kuma zaɓin koci ne. Bayan wannan akwai sharuɗɗan tsari guda huɗu a kowane kayan, kowanne 0.5, jimla 2.0. A katako, misali, ana buƙatar motsin rawa biyu a haɗe wanda ɗayansu yake da buɗe ƙafa digiri 180, da juyi, da jerin motsi biyu masu tashi sama wanda ɗayansu alkafura ce, da kuma motsin alkafura ta gaba ko gefe da ta baya. Sai ladan haɗi, 0.1 ko 0.2 idan aka ɗinke motsi masu wuya ba tsayawa, da ladan 0.2 ga saukar da ta kai D.

Ga yadda lissafin yake a takarda. A ce yarinya tana da motsi mai darajar E ɗaya, masu D huɗu, masu C biyu, da sauka mai D a katako. Wannan 3.1 ke nan. A ƙara 2.0 na sharuɗɗa, 0.3 na haɗi, 0.2 na sauka, an sami 5.6. Kowane koci a duniya da ya zauna da kundin zai fito da wannan lamba ɗin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna zamanin da sunan ƙasa yake ƙara maki. Teburin tsallake ma ya fi sauƙi, don kowane tsallake yana da farashinsa a rubuce.

Sai dai 5.6 ɗin nan ta takarda ce. Inda sababbin kociyoyi suka fi cin tuntuɓe shi ne rashin lura da cewa kuskure ɗaya yana iya cin maki ta wuri uku. Ɗauki haɗin rawar nan na katako. Yarinya ta yi tsalle na farko, ta dira, ta ɗan yi tangal-tangal, ta kaɗa hannu sau ɗaya don ta daidaita, sannan ta tashi na biyu. A idon ɗan kallo ba abin da ya faru. A takardar alƙalan D haɗin ya tsinke, ladansa ya tafi, kuma idan babu wani haɗin rawa a jerin, sharaɗin 0.5 ma ya bi shi. Alƙalan E kuma sun rubuta nasu 0.1 ko 0.3 na tangaɗi. Kaɗa hannu ɗaya ya kusa cinye maki guda. Maganin da gogaggu suke yi shi ne su ajiye haɗi na biyu can gaba a jerin, su koya wa yarinya cewa idan na farko ya tsinke ta san inda za ta rama. Kundin bai faɗi haka ba, amma duk wanda ya karanta shi da kyau zai gano.

Shafukan da suka fi kowanne amfani su ne na ƙa'idojin tantance motsi, kuma 'yan kaɗan ne, shi ya sa ake tsallake su a ruga jadawali. A nan ne aka fayyace lokacin da motsi ya cancanci sunansa. Buɗe ƙafa digiri 180 ake so. Idan ya gaza da abin da bai wuce digiri 20 ba, ragin 0.1, zuwa 45, ragin 0.3, ya wuce haka, ba a ma ƙirga shi a matsayin wannan motsin. Tsayuwa a kan hannu a sanda dole ta shiga cikin digiri 10 daga miƙewa sak, kuma juyin da aka ƙarasa bayan jiki ya riga ya fara gangarowa yana jawo ragi mai ƙaruwa har 0.5. Juyi a ƙafa ɗaya kuwa, inda dunduniya ta taɓa ƙasa nan ya ƙare. Yarinya ta yi niyyar uku, dunduniya ta sauka saura kaɗan, biyu za a rubuta mata. Tsallen zobe, wanda ake lanƙwasa baya a saki kai ƙafar baya ta taso daidai kai, shi ne ya fi kowanne jawo gardama, domin abubuwa uku ake dubawa a cikin ƙiftawar ido, kuma yara da yawa suna kai ƙafa amma su ƙi sakin kai don tsoron ɓacewar katako daga idonsu. Katakon faɗinsa santimita 10 ne, tsawonsa mita 5, tsayinsa daga ƙasa santimita 125. Tsoron yana da dalili.

Jadawalin ragin E ma a bayyane yake: ƙaramin kuskure 0.1, matsakaici 0.3, babba 0.5, faɗuwa 1.0. Ɗan taku bayan dira 0.1, babban taku 0.3, durƙushewa can ƙasa 0.5, dafa katifa da hannu kuwa faɗuwa ce. Kama katako don kada a faɗi 0.5. Wadda ta faɗo daga katako tana da daƙiƙa 10 ta koma, daga sanda daƙiƙa 30. A manyan gasa alƙalan E bakwai ne, a zubar da maki biyu na sama da biyu na ƙasa, a ɗauki matsakaicin ukun tsakiya.

Da waɗannan lambobin ne ya kamata koci ya auna duk wani ƙarin wuya kafin ya sa shi a gasa. A sauya motsin C da na E, ribar 0.2 ce. Idan sabon motsin yana zuwa da tangaɗin 0.3 a yawancin lokuta, an yi asarar 0.1 kullum. Idan kuma tana faɗuwa sau ɗaya cikin biyar, wannan kaɗai ya cinye ribar tas. Shi ya sa ya fi kyau a fara karanta kundin daga jadawalin ragi, a zo jadawalin motsi daga baya. Wanda ya fara da jadawalin motsi kamar yaro ne a shagon alewa.

Gasar Olamfik ta Paris ta 2024 ta nuna wannan ƙarara. A wasan ƙarshe na katako, Alice D'Amato ta Italiya ta ci zinare da 14.366 alhali makin D ɗinta 5.8 ne, Zhou Yaqin ta Sin mai 6.6 ta zo ta biyu da 14.100. A sanduna, Kaylia Nemour ta Aljeriya da Qiu Qiyuan ta Sin duk 7.2 suka kawo, tsafta ce ta raba su, 15.700 da 15.500. A dandamali Simone Biles ta Amurka ta shigo da 6.9, Rebeca Andrade ta Birazil da 5.9, tazarar maki guda cif. Biles ta fita layi sau biyu da ƙafa biyu, tarar 0.3 kowanne, ta tashi da 14.133, Andrade ta ɗauki zinare da 14.166. Masu cewa tsarin ya mayar da wasan gasar wuya zalla ba su duba waɗannan sakamakon ba. Tsafta tana cin gasa har yanzu.

Amma tsafta daban, armashi daban, kuma a nan ne kundin ya yi rauni.

Abin da kundin yake kira fasahar gabatarwa, wato yadda 'yar wasa take ɗaukar jikinta, take tafiya da kiɗa, take sa mai kallo ya manta cewa maki ake nema, ba shi da makin kansa. An cusa shi cikin E a matsayin ragi, a katako da dandamali kaɗai. Alƙali yana da jerin abubuwan dubawa bayan an gama wasa, yawancinsu 0.1 kowanne: tsayuwar jiki ba kyau, kafaɗa a ɗage ko kai a sunkuye, motsi bai buɗe ya kai iyakarsa ba, yatsun ƙafa a sake, ba a sa dukkan gaɓoɓi a cikin rawar ba, wasan ya zama guntu-guntu ba zaren da ya ɗinke shi. A katako ana duba ko ta yi tafiya gefe-gefe, ko ta sauka ƙasa jikinta ya taɓa katakon, ko ta sauya sauri da nawa. A dandamali ana duba ko motsi ya dace da kiɗa, ko an yanka kiɗan da tsari, ko ita da kiɗan sun ƙare tare.

Niyyar mai kyau ce, kuma ta gyara abubuwa. Kafin a tsaurara wannan jerin, an saba ganin yarinya ta tsaya a kusurwa ƙafa biyu a haɗe, tana haki, tana kallon layin da za ta bi, kiɗa yana ta tafiya shi kaɗai kamar rediyon maƙwabta. Yanzu tsayuwar da ta kai daƙiƙa biyu tana da raginta, kuma dole a shiga kusurwa da rawa. Matsalar ita ce duk abin da aka mayar jerin dubawa, za a koya wa yara cika jerin ne. Ga abin da ake gani a kusan kowace gasa: yarinya ta hau katako, ta juya gefe, ta yi taku uku tana kaɗa hannuwa, ta cika sharaɗin gefe. Can ta zauna ta kwanta ta tashi, ta cika na kusa da katako. Fuskarta ba ta sauya ba tun da ta hau. Alƙali ba shi da abin da zai rage, don duk an yi. Wata kuma ta zo da jeri wanda zaure duka ya yi tsit saboda shi, ita ma ba a rage mata komai ba. Makinsu na armashi ɗaya ke nan. Kundin yana da hanyar hukunta wadda ta gaza, ba shi da hanyar saka wa wadda ta yi fice. Ita wuya kuwa ƙara ta kake yi ana ƙara biyan ka, ba iyaka.

Koci mai awoyi ƙidayayyu a mako ya san lissafin nan ko bai furta ba. Wata shida a kan sabuwar alkafura na iya kawo 0.2 ko 0.3 tabbatattu. Wata shida da malamar rawa, bayan an riga an toshe ragin da ke jerin, ba ya kawo komai a allo. Ba laifinsa ba ne idan ya zaɓi alkafura.

Akwai kuma rufin da aka yi wa motsin rawa. Komai wuyar tsalle ko juyi, darajarsa ba ta wuce E, wato 0.5, alhali alkafura tana kaiwa J. Wadda baiwarta juyi ce tana da iyakar da wadda baiwarta ƙarfin ƙafa ce ba ta da ita. Sanne Wevers ta Holan ta nuna cewa hanyar tana ɓullewa, don da juyi iri-iri da aka ɗinke su ta ci zinaren katako a Rio a 2016 da 15.466, amma ta yi hakan ne da tara ladan haɗi, aikin da tsinkewa ɗaya ke rusawa. A gefe guda kuma farashi ne ya haifi abin da ya fi komai muni a ido a shekarun baya, juyin da ake yi a tsugune ƙafa ɗaya a miƙe gefe. Yana da daraja mai tsoka, ragin da ake masa kaɗan ne, sai kowa ya ɗauka, har wasu suna jera biyu a jeri ɗaya, hannuwa suna fiffika kamar za a faɗa rijiya. Sai da kundin 2022 ya ce ɗaya kaɗai za a ƙirga. Darasin da ke ciki shi ne jadawalin daraja ya fi jerin armashi ikon tsara abin da ido zai gani.

Hukumar ba ta rasa misali a cikin gidanta ba. A jimnastik ɗin da ake yi da ƙwallo, zobe, kulake da ƙyalle, tun 2022 an ware wa armashi alƙalansa daban da makinsa daban. A nan kuwa alƙali ɗaya ne zai bi gwiwa, yatsu, tsayin tsalle da dira na daƙiƙa 90, hannunsa yana rubutu, sannan a ce ya yanke hukunci ko motsin ya shiga ran kiɗan. Hankalin da ke farautar kuskure ba ya iya sakin jiki ya ji kiɗa a lokaci guda. Raba aikin ba zai kawar da son rai ba, don abin da wata alƙaliya ta taso tana gani a matsayin kyau ba lallai ya zama na wata ba, kuma jerin da ake da shi yanzu ya karkata ga tsayuwar jiki da miƙar yatsu irin ta rawar bale. Amma aƙalla za a sami wanda aikinsa kallo ne.

A kan kiɗa, doka ɗaya ce take kama mutane: ba a yarda da kalmomi ba. Murya tana iya shiga a matsayin kayan kiɗa, amma da zarar an ji kalma, tarar maki guda ce. A saurari abin da aka yanka da kunnen wanda ya san harshen waƙar kafin a gina rawa a kai. Kuma a yanka shi ƙasa da daƙiƙa 90 da ɗan rata, don na'urorin sauti ba duka suke tashi nan take ba.

Ɓangaren D ɗin da aka yaba ma yana da nasa siyasar. Kwamitin fasaha na mata ne yake yanka wa sabon motsi farashi, kuma ba wuya kaɗai yake dubawa ba. A 2019 Biles ta kawo saukar katako mai alkafura biyu da murɗawa biyu, aka ba ta H, mutane da yawa suna ganin ta fi haka, kwamitin ya ce ya yi la'akari da haɗarin dira a kan wuya. A shekarar ce kuma alkafurarta biyu mai murɗawa uku a dandamali ta sami J. A teburin tsallake, tsallaken da ake kira Produnova, mai alkafura biyu ta gaba, ya taɓa kaiwa 7.0, har wasu suna jefa kansu a ciki da fatan ƙafa ta riga mazaunai taɓa katifa. An yi ta sauke shi har 6.0 a kundin 2022. Wani tsallaken mai suna Amanar ya sauko daga 6.5 a zamanin Landan 2012 zuwa 5.4 a zamanin Paris. Rage farashi don kare wuyan yara abu ne da za a iya karewa, wasan da ya ga abin da ya sami Elena Mukhina, 'yar wasan Tarayyar Sobiyet da ta karya wuya a wurin horo a 1980 jikinta ya shanye, ba zai yi wasa da wannan ba. Abin da ke ciwo shi ne kundin ba ya bayyana ma'aunin da ake bi, sai dai a ga lamba. Ga koci kuma abin lura shi ne kada a gina makomar yarinya 'yar shekara 11 a kan farashin yau. Ba za ta shiga gasar manya ba sai shekarar da za ta cika 16, kuma kafin nan an sake kundi aƙalla sau ɗaya.

Ƙorafi yana yiwuwa a kan makin D, ba a kan E ba, wanda ke nufin ragin armashi ba shi da ɗaukaka ƙara ko kaɗan. Cikakken bayanin yadda ake shigar da shi yana cikin wata takarda daban ta dokokin gasa, kuma wannan rarrabuwar aibi ce, don a fili ba wanda ke da lokacin buɗe takardu biyu. Ana faɗa da baki nan take, a biyo da rubutu, kuma akwai kuɗin da ake biya idan ba a karɓa ba, yana ƙaruwa daga na farko zuwa na biyu. Ga 'yar wasan ƙarshe a zagaye, minti ɗaya aka bayar a Paris. A nan ne aka ɗaga makin Jordan Chiles ta Amurka daga 13.666 zuwa 13.766 a kan wani tsalle mai juyi, ta karɓi tagulla, sannan kotun wasanni ta CAS ta ce ƙorafin ya makara da daƙiƙa 4, tagullar ta koma hannun Ana Barbosu ta Romaniya mai 13.700, shari'a ta wuce har kotun tarayyar Suwizalan. A Landan kuwa ƙorafi ne ya ɗaga Aly Raisman ta Amurka ta yi kunnen doki da Catalina Ponor ta Romaniya a katako, 15.066 kowacce, makin E ya ba ta tagulla. Abin yi a aikace: koci ya riƙe takardar jerin yarinya da darajar da yake sa rai, ya lissafa abin da aka yi a zahiri tana kan wasa, don lokacin da maki ya fito ba lokacin fara ƙirge ba ne.

Na'urar da kamfanin Fujitsu ya ƙera wa hukumar, mai auna kusurwar gaɓoɓi daga hoto, ta fara aiki a gasar duniya ta Stuttgart a 2019 a kan wasu kayan, ta kai ga duka goma na maza da mata a Antwerp a 2023. Tana taimaka wa manyan alƙalai wajen bita da ƙorafi. Digiri take aunawa, saboda haka ɓangaren da dama yake da ƙarfi ta ƙara wa ƙarfi.

Abubuwa biyu kundin ba ya yi, kuma mai sauke shi ya sani tun farko. Ba ya koyar da motsi. Zanen yana nuna yadda alkafura take idan ta nuna, ba ya nuna matakan da ake bi, ko yadda ake tallafar yarinya da hannu, ko ramin soso da katifu masu laushi da ake fara ta a kai, ko ƙarfin ciki da kafaɗa da take buƙata kafin ta gwada. Wanda ya ɗauki zane ya ce yarinya ta kwaikwaya, asibiti yake nema mata. Na biyu, an rubuta shi don manyan gasa ne. Ƙasashe da yawa suna da nasu tsarin matakai na yara, da sharuɗɗa masu sauƙi, kuma shi ya kamata a bi a shekarun farko.

Rubutun kansa busasshe ne, cike da gajerun haruffa, kuma idan fassara ta saɓa, na Ingilishi ake bi. Ba ya kuma zama yadda aka buga shi. Kwamitin yana fitar da takardun sanarwa da wani littafin ƙarin bayani mai suna Help Desk, inda ake nuna da hotuna abin da za a karɓa da wanda za a ƙi, kuma sau da yawa amsar gardamar da ake yi a wurin horo tana can, ba a kundin ba. Sababbin motsi ma ana ƙara su bayan manyan gasa, da sunan wadda ta fara yi. Alƙalan ƙasa da ƙasa suna sake jarrabawa kowane zagaye na shekara huɗu, amma koci ba wanda zai tilasta masa, sai ranar da yarinyarsa ta rasa 0.5 a kan dokar da aka gyara bara.

Don haka a duba kwanan watan da ke bangon wanda aka sauke, a sake dubawa kafin kowace kakar gasa. Ba sai an buga shi duka ba. Shafukan tantance motsi, jadawalin ragi na gaba ɗaya, da sassa huɗu na kayan wasa sun isa, a sa su cikin leda don hodar alli da gumi suna cin takarda. Jadawalin motsi ya zauna a waya. Sau ɗaya a wata a ɗauki bidiyon jerin yarinya daga inda alƙalai suke zama, ba daga inda koci ya saba tsayawa ba, domin buɗe ƙafar da ke kama da 180 daga kusurwa takan koma 165 daga gefe. A kalla sau biyu: na farko da biro ana tsayarwa ana ƙirga ragi, na biyu a ajiye biron a ƙara sautin kiɗan, a kira wanda bai san darajar ko motsi ɗaya ba ya zauna ya kalla tare, a lura da daƙiƙar da ya ɗauke ido ya duba wayarsa.